Idan Ruwan Akwatin Kifi Ya Dagule

Masu sabon akwatin kifi na gilashi kusan labarinsu ɗaya ne. Ranar da aka kawo shi ruwa garau, kana hango bangon ɗaki ta cikinsa, yara sun kewaye shi suna nuna kifaye da yatsa. Bayan kwana uku ko huɗu sai a wayi gari ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifin da ke can baya ma da ƙyar ake ganinsa. Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne ya kwashe kifin a bokiti, ya zubar da ruwan duka, ya dirje tsakuwa da gilashi da omo, ya sake cikawa daga famfo. Ranar kam zai ga haske. Jibi farin ya dawo, wani lokaci har ya fi na da, gata kuma kifaye su fara juyewa ciki sama. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abubuwan da ke dagula ruwan akwati suna da yawa, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya zama gubar wani. Saboda haka aikin farko shi ne gane wanne ne ya same ka. Launin ruwan da lokacin da dagulewar ta bayyana su ne za su faɗa maka.

Amma kafin ka dubi ruwa, dubi kifin. Idan suna yawonsu kamar kullum, suna rububin abinci, to kana da lokaci, ba abin gaggawa. Idan kuwa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, ko sun lafe a ƙasa sun tsuke fukafukansu, wannan ba maganar kyan gani ba ce kuma, rai ne. Nan take ka cire kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan ka maye da wanda ba shi da kulorin, mai ɗumi daidai da na cikin akwatin, ka ƙara iska, ka tsayar da abinci. Sannan ka leƙa bayan duwatsu da cikin kayan ado ka ƙirga kifinka. Kifi ɗaya da ya mutu ya maƙale a lungu ya isa ya ɓata ruwan ƙaramin akwati cikin dare ɗaya a lokacin zafi.

Idan kifin lafiya lau, samu kofin gilashi mai tsabta wanda ba sauran sabulu a jikinsa, ka ɗebi ruwan, ka ɗora a kan farar takarda, ka bar shi awa ɗaya ko biyu. In ya washe daga ƙasa zuwa sama, ƙananan kumfar iska ce da ruwan famfo ke zuwa da ita, da kanta za ta tafi. In wani gari ya kwanta a gindin kofin, ƙura ce. In yana nan fari bai kwanta ba, bakteriya ce. In kuwa ka ga alamar kore ko launin shayi a kan farar takardar, wani zancen ne dabam, za mu zo kansa.

Farin ruwa

Ƙura ita ce mafi sauƙi. Tana bayyana a ranar da aka zuba ruwa ko aka taɓa ƙasan akwati, kuma daga tsakuwa ko yashin da ba a wanke sosai ba take fitowa. Ka sa farar audugar roba, wadda masu sayar da kayan kifi ke da ita, a cikin matatar ruwa, wato filta. Za ta kama garin cikin kwana ɗaya ko biyu. In ta yi datti ka jefar ka sa wata. Nan gaba, duk tsakuwar da za ta shiga akwati a wanke ta a bokiti kaɗan-kaɗan da ruwa zalla har sai ruwan ya fito fes. Dutsen da ka tsinto kuwa, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai riƙa narkewa a hankali yana sauya yanayin ruwan, ka bar shi a waje. Ɓaraguzan siminti ma haka.

Farin da ke zuwa bayan kwana biyu zuwa mako guda shi ne ya fi rikita mutane, kuma a kansa ya kamata a tsaya, domin wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin kiwon kifi a gilashi.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, saura kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Amoniya guba ce. A kogi ruwa mai yawa ne ke tafiya da ita. A akwati ba inda za ta. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, rukuni biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mai da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Na biyu, irin su Nitrospira, suna mai da naitirait ya zama naitiret, wanda kifi ke iya jurewa muddin bai taru da yawa ba. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fara keɓe irin waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890. Ba sa yawo a cikin ruwa. Maƙalewa suke yi a jikin soson matata da tsakuwa da gilashi, kuma haihuwarsu a hankali take, kusan yini guda kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa sabon akwati ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su isa su ɗauki nauyin kifin da ke ciki.

Akwai kuma wani rukunin na uku, masu cin ruɓaɓɓen abu. Su kam cikin ƙasa da awa ɗaya suna ninkawa idan sun samu abinci, kuma idan suka yi yawa sai su bazu cikin ruwan. Su ne farin da kake gani. Su kansu ba sa kama kifi da ciwo. Illarsu biyu ce: suna shanye oksijin, kuma suna farfasa datti su ƙara amoniya a daidai lokacin da masu kawar da ita ba su kankama ba.

Yanzu ka ga abin da wancan wankin na omo ya yi. Ya kashe 'yan ƙwayoyi masu amfani da suka fara kafuwa, ya mai da akwatin ranar farko. Masu farin kuwa cikin kwana ɗaya sun dawo. Mutum ya yi ta wanki, kifi ya yi ta shan amoniya.

Abin yi a nan yawancinsa bari ne. Bar matata ta yi ta aiki dare da rana, kada ka taɓa sosonta. Rage abinci: sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu, in ma ka tsallake kwana biyu ba ka ba su ba, babu abin da zai sami lafiyayyen babban kifi. Ƙara iska da famfon iska, ko ka ɗaga bakin matata ya riƙa motsa saman ruwa, domin ta saman ne oksijin ke shiga. Kada ka ƙara ko kifi ɗaya. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu abincin ƙwayoyin ke ƙarewa, ruwan ya washe da kansa, wani lokaci cikin dare ɗaya.

Iskar nan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasashenmu. Ruwa mai zafin maki 20 a ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita. A maki 30 bai wuce 7.5 ba, ga shi kuma a zafi ne kifi da bakteriya suka fi bukatarta. Amoniya ma ta fi yin illa a ruwa mai zafi. Saboda haka farin ruwan da kifi zai jure a watan Disamba yana iya kashe shi a Afrilu, lokacin da rana a Kano ko Sakkwato ko Yamai ke taka maki 40.

A ra'ayina, duk mai akwatin kifi ya kamata ya sayi kayan awon ruwa tun kafin ya sayi fitila mai launi ko gidan roba na ado. Akwai na ɗigawa, akwai na takarda da ake tsomawa. Na ɗigawa ya fi faɗin gaskiya. Amoniya ta zama sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a lita, in ya tsaya wajen 20 ya fi. Muddin awo ya nuna amoniya ko naitirait, ka riƙa canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari kowace rana har su sauka, ko da hakan zai ɗan ja wa farin ruwan tsawon kwana. Ido ba ya ganin amoniya. Ruwa yana iya zama garau yana kashe kifi, kamar yadda yake iya zama a dagule kifin suna ƙalau.

In kana da aboki mai tsohon akwati wanda kifinsa ba su da ciwo, roƙi ɗan yankin sosonsa, ka kawo shi a jiƙe cikin leda da ruwan akwatin, ka sa a matatarka. Babu kwalbar magani da ta kai wannan saurin kafa ƙwayoyi masu amfani.

Idan tsohon akwati ne ya yi fari, tambayi kanka me ya sauya a makon nan. Yawanci ɗaya ne daga cikin 'yan abubuwa: an wanke soso da ruwan famfo, an jefar da tsohon soso an sa sabo gaba ɗaya, an zuba sababbin kifi da yawa lokaci guda, ko wani yaro ko baƙo ya juye gwangwanin abinci don tausayi. Wasu kuma sukan fasa kafson maganin ƙwayoyin cuta na mutane su zuba, wai don ruwa ya gyaru. Wannan yana kashe masu amfanin ne tare da sauran. Soson matata a cikin ruwan da aka ɗiba daga akwatin ake matse shi, sau biyu ko uku, a mai da shi da sauran duhunsa. In ya tsufa dole a sauya, a sauya rabi, bayan wata guda a sauya ɗaya rabin.

Sai maganar wuta, wadda littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba amma mu ita ce ta kullum. Ƙwayoyin da ke cikin matata da oksijin suke rayuwa, kuma ruwan da ke ratsa su ne ke kawo musu. Idan aka ɗauke wuta na awanni da yawa, musamman a matata mai rufaffen gida, sai iska ta ƙare a ciki, wasu su mutu, dattin ya fara ɗoyi. Da an kawo wuta sai matatar ta tura wannan ruwan cikin akwati. In ɗaukewar ta daɗe, cire soson ka sa shi a cikin akwatin ko a kwano marar zurfi da ruwan akwatin ya ɗan rufe shi, ka zubar da ruwan da ya kwana a gidan matatar kafin ka kunna. Wanda ke unguwar da wuta ba ta zama ya nemi famfon iska mai batir ko mai caji, ya haɗa shi da matatar soso, irin wadda iska ce ke jan ruwanta. Tana da araha, ba ta cin wuta, kuma ƙaramar sola ma tana ɗaukarta.

Kore

Koren ruwa gansakuka ce, irin ƙananan da ke yawo a ruwa ba masu maƙalewa a gilashi ba. Abu biyu take so: haske da taki. Hasken daga taga ko fitilar da ake bari tun safe har tsakar dare. Takin kuma naitiret da fosfet ne daga abinci da kashin kifi. Canza ruwa kawai ba ya korarta, domin 'yar da ta rage cikin kwanaki kaɗan ta sake cika akwatin. Kifi kam bai damu ba. Masu kiwon karfasa a tafki har taki suke zubawa don ruwa ya yi kore. Sai dai da dare gansakuka ma oksijin take shaƙa, don haka in ta yi kauri a kula da iska.

Maganinta duhu ne. Canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan, tsotse dattin ƙasa, kashe fitila, ka lulluɓe akwatin da kwali ko baƙin ƙyalle ta kowane gefe har kwana uku ko huɗu, ba leƙe. Matata da famfon iska su ci gaba da aiki, kuma a lokacin zafi ka bar 'yar kafa a sama ta baya don kada zafi ya taru. Bayan ka buɗe ka sake canza ruwa, domin matacciyar gansakuka ma datti ce. Daga nan fitila awa 6 zuwa 8 a yini ta isa, akwatin kuma a ɗauke shi daga inda rana ke dukansa. In ba a gyara hasken ba, koren zai dawo. Mai hali yana iya sayen na'urar fitilar UV da ruwa ke bi ta cikinta; cikin 'yan kwanaki take kashe gansakukar, kuma ba ta taɓa ƙwayoyin da ke maƙale a soso. Tsirran ruwa na gaske masu saurin girma su ma suna taimakawa, don suna riga gansakuka shanye takin.

Launin shayi kuwa, wanda ruwan ke nan a washe amma ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, yawanci daga itacen ado ne. Tanin ne yake fitarwa, sinadarin nan da ke cikin ganyen shayi da bagaruwar da majema ke jima da ita. Ba ya cutar da yawancin kifi. In ba ka son launin, cire itacen ka dafa shi ko ka jiƙa shi a baho mako ɗaya ko biyu kana sauya ruwa, ka sa gawayin tace ruwa na shagon kayan kifi a matata, ka sauya shi bayan mako uku ko huɗu. Gawayin girki ba ya yin wannan aikin. In babu itace kuma ruwan ya yi rawaya, to tsufa ya yi, an daɗe ba a canza shi ba.

Ruwan da kake zubawa

Sau da yawa matsalar tun daga jarka take. Ruwan famfo na hukuma yana iya zuwa da kulorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi ya kuma kashe ƙwayoyin matata. In aka bar shi a buɗaɗɗen baho awa 24, musamman da famfon iska a ciki, kulorin yana tashi. Amma akwai danginsa, kuloramin, da wasu hukumomin ruwa a duniya ke amfani da shi, shi ba ya tashi da ajiya. Maganin cire kulorin na ɗigawa ya fi kwanciyar rai. A duba takardar kwalbar a ga ko ya haɗa da kuloramin.

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, a wasu wurare kuma da ƙarfe narkakke. Za ka gan shi garau a bakin famfo, bayan ya sha iska sai ya yi ja-ja ya dagule. Irin wannan a tara shi a baho kwana ɗaya ko biyu, jan ya kwanta, a tsiyaye na sama. Rijiyar da ke kusa da gonar da ake zuba taki ko kusa da shadda tana iya ɗauke da naitiret tun daga tushe, kuma mai irin wannan ruwa zai yi ta fama da kore bai san dalili ba. Ruwan 'yan garuwa kuwa, yau daga nan gobe daga can. In da shi kake amfani, ka tsaya ga mutum ɗaya da wurin ɗiba ɗaya.

Akwai wata dabara ta gida da nake roƙon a bar ta a bakin randa. Mun saba jefa alif, wanda wasu ke kira alam, a ruwan da ya dagule, dattin ya dunƙule ya kwanta. A akwatin kifi kada a yi. Alif yana ƙara wa ruwa tsami farat ɗaya, kuma sinadarin alminiyon da ke cikinsa yana lahanta wurin numfashin kifi idan ruwa ya yi tsami. Magungunan washe ruwa da ake sayarwa don akwati, irin su Accu-Clear na kamfanin API da Clarity na Seachem, su ma dunƙule ƙura suke yi don matata ta kama, amma an auna su don kifi. Suna da amfani a kan ƙura, in an bi ma'aunin da ke jikin kwalba. Ba sa cire amoniya, kuma ba sa hana dagulewar dawowa in sanadinta yana nan.

Da hunturu a rufe akwati da murfi, domin ƙurar da ke kwanciya a kan tebur tana kwanciya a kan ruwa ma. Haka in za a fesa maganin sauro a ɗaki, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin, sai warin ya fita a buɗe. Kaɗan daga irin wannan magani ya isa ya kashe kifi.

Abin da ke tsare ruwa bayan ya washe ba shi da wuya, sai dai yana son a dawwama a kansa. Ka san litar akwatinka: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan. Kowane mako ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, wato kimanin lita 13, rabin jarka mai lita 25 da ɗan ɗori. Da tiyo za ka zuƙo shi, kana cusa bakin cikin tsakuwa don dattin da ya kwanta ya fito, ba ka ɗebe na sama da kofi ba. Ruwan da ka cire ka ba shukokin gida, taki ne. Matata kuma a nemi wadda ke juya ruwan akwatin kimanin sau huɗu a awa. Ga lita 54, mai ƙarfin lita 200 ko sama da haka kaɗan. Bokiti da tiyo da soson akwati su zama nasa shi kaɗai, kada sabulu ya taɓa su.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mutane ba sa son ji: yawan kifi. Jan kifin nan da ake kira golfish ana sayar da shi ɗan mitsitsi, amma yana kai santimita 15 zuwa 20, ga ci ga kashi. Koi kuwa kifin tafki ne, yana wuce rabin mita. Wanda ya zuba goma daga cikinsu a lita 54, duk matatar da zai saya ruwansa ba zai zauna ba. Ko ya rage kifi ko ya ƙara girman akwati. Ƙananan kifi irin su gupi sun fi dacewa da ƙaramin akwati.

Saboda haka, mai karatu, ko da ruwanka ya washe yau, kada ka nufi shagon kifi gobe. Jira sai awo ya nuna maka sifili a amoniya da naitirait mako guda cur, sannan ka ƙara biyu ko uku, ka ba matata mako biyu kafin ka sake ƙarawa.